Yoyon da ke hana tokamak ba mu wuta

Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare nan Sakkwato. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 kuma fanka na tsaye, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda an san yadda rana take samun zafinta, mi ya hana a yi irinta a ba mu lantarki?"

Rana tana samun zafinta ne daga haɗuwar ƙwayoyin haidurojin, kuma haɗuwar ba ta yiwuwa sai a zafi mai tsanani. Amma zafin ba shi ne matsalar ba. An daɗe ana kai iskar haidurojin sama da digiri miliyan 100 a cikin tokamak, na'ura mai siffar zobe da masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro a shekarun 1950. A wannan zafi iskar takan zama filasma, ƙwayoyinta duk ɗauke da caji, sai maganaɗisu ya riƙe su suna kewaya layukansa ba tare da sun taɓa bango ba. Riƙon ne ba ya cika.

Abin kamar randar ƙasa ne. Ba ta fashe ba, amma da safe za ka tarar gindinta a jiƙe. Ƙwayoyin suna karo da juna, kowane karo ya ture ɗaya zuwa layin da ke kusa, sannu sannu har gefe. A lissafi wannan yoyon kaɗan ne. Da aka auna, sai ga abin da ke tserewa ya ninka lissafin sau da yawa, domin filasmar tana hargitsewa, ƙananan guguwowi na tashi cikinta suna kwashe ƙwayoyi da zafi waje.

A 1982, a wata tokamak mai suna ASDEX da ke Garching a Jamus, Friedrich Wagner ya lura cewa idan aka ƙara ɗumama filasmar ta wuce wani mataki, riƙon yakan kusan ninkawa, saboda hargitsin gefe ya kwanta. Sai wata damuwa ta biyo baya. Matsi yakan taru a gefen, ya fashe farat ɗaya, ya watsa zafi kan farantan ƙasan na'urar. Ana yin farantan da tongstin, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422, amma ɗan ɓurɓushinsa in ya koma cikin filasma yakan sanyaya ta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba a son yoyon ya tsaya gaba ɗaya. Haɗuwar ƙwayoyin haidurojin tana haifar da iskar hiliyam, kuma in bai fita ba zai cika wurin ya kashe wutar. Ana son hiliyam ya fita bayan ya bar zafinsa, makamashin kuma ya zauna.

JET, wata tokamak a Ingila, ta samar da makamashi na megajul 69 cikin kusan daƙiƙa 5 a 2023, kafin a rufe ta. ITER, tokamak ɗin da ake ginawa a kudancin Faransa, ta kusan ninka ta faɗi, domin ƙwaya ta daɗe a hanya kafin ta isa bango.