Abin da mujallar tsofaffin motoci ta koya mini a Katsina

Mujallar ƙungiya irin tamu ba ta da mai saye a bakin titi. Masu karanta ta su ne masu biyan kuɗin buga ta, kuma kusan kowa ya san kowa. Mu masu riƙon tsofaffin motoci ne a nan Katsina: akwai 'yan fansho, akwai 'yan kasuwa, akwai samarin da suka gaji Fijo a wurin iyayensu suka ƙi rabuwa da ita. Lokacin da aka ɗora mini aikin shirya mujallar, tsarinta shi ne jawabin shugaba a shafin farko, hotunan taro, sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata, sai labarin wata motar Turai da aka kwaso a intanet aka fassara. Mutum ya karɓa, ya duba ko hotonsa ya fito, ya ajiye. Ba wanda ya taɓa kira ya yi musu a kan wani abu, alhali na san mutanen nan, ba a taɓa maganar mota a gabansu su yi shiru.

Abu na farko da na gane shi ne, labarin da ake kwasowa daga waje kowa na iya samunsa a wayarsa. Duk mai so zai karanta cewa Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, an fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma ba a daina yin 504 a can ba sai 2006. Waɗannan bayanai suna da amfani, muna sa su. Amma babu inda za ka karanta yadda 504 mai dogon baya ta riƙa ɗaukar fasinja daga Katsina zuwa Kano, ko yadda akori-kura ta 404 ke tashi daga kasuwar Jibiya da lodi ya fi ƙarfin bodinta, ko irin dabarar da direbobin hanyar Daura suke yi idan lagireto ya tafasa a tsakiyar bazara. Wannan yana cikin kawunan mutane, kuma yawancinsu sun haura saba'in. Layin dogo na zamanin Turawa ya bi ta Funtua ya wuce Gusau da Ƙauran Namoda, bai shigo birnin Katsina ba. Gyaɗarmu da audugarmu da mutanenmu a mota suka yi tafiya. Saboda haka tarihin mota a nan babban yanki ne na tarihin garin, kuma ƙaramar mujallarmu tana cikin 'yan wuraren da za a iya ajiye shi.

Sai muka ware shafi huɗu a kowace fitowa ga mota ɗaya tak. Ba nau'in mota ba, a'a, ita wannan da ke ajiye a gidan wane: wa ya fara sayenta, a ina, nawa, hannun mutum nawa ta bi, ina da ina ta je. A nan ne aikin ya yi mini daɗi, a nan kuma ya fi wuya, domin mai tsohuwar mota yana son ta kamar 'yarsa, kuma so yana ƙara wa labari gishiri ba tare da mutum ya yi niyyar ƙarya ba. Ba sau ɗaya ba an ce mini, wannan ai motar Sarki ce. Wani bawan Allah ya rantse cewa 404 ɗinsa ta fito daga gidan Sarki Dikko. To, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ita kuwa 404 sai a 1960 aka fara ƙera ta. Da ya ce zamanin Sarki Usman Nagogo ne, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, da shekarun sun ba da dama, amma ko a hakan sai an ga takarda ko an ji daga bakin wanda ya tuƙa ta. Ban ƙaryata shi a gaban jama'a ba. Na same shi a gida na ce, ranka ya daɗe, mu duba takardun tare. Da muka zazzage jakar sai ga tsohon rasit da sunan wani ma'aikacin En'e, kuma labarin da ya fito daga nan ya fi na farkon armashi, domin iyalan mutumin suna nan, har suka ba mu hotonsa tsaye a jikin motar.

Da tafiya ta yi tafiya na koyi wasu alamomi da ke taimakawa wajen gane shekarun mota da takardunta. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motar da sitiyarinta ke dama galibi kafin nan ta shigo. Sai dai a garin kan iyaka irin namu ba a yanke hukunci da wannan kaɗai, domin motocin da suka shigo ta Maraɗi ko Damagaram tun asali sitiyarinsu a hagu yake. Rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya riga Janairun 1973, lokacin da naira ta fara aiki. Takardar da ta ce Jihar Katsina kuwa ba za ta riga 23 ga Satumba, 1987 ba. Kafin nan Jihar Kaduna ce, kafin 1976 kuma Jihar Arewa ta Tsakiya. Motoci da yawa a ƙungiyarmu idan aka bi diddigi sai a tarar an saye su ne a tsakiyar shekarun 1970, zamanin kuɗin Udoji, lokacin da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas. Sama da duka akwai lambar shasi da lambar inji. Su nake fara dubawa, kuma da idona, ba a karanto mini ta waya ba. Abin da muka tabbatar muna rubuta shi kai tsaye. Abin da ba mu tabbatar ba muna cewa, mai motar ya shaida mana, ko kuma, iyalan sun ce. Wannan 'yar jimla ta raba ni da rigingimu masu yawa, kuma ba ta zubar wa kowa da mutunci.

Akwai gidajen da ni ba zan iya shiga ba. Motoci da dama masu gidan sun rasu, takardun suna cikin adakar uwargida, kuma sau tari ita ce ta fi kowa sanin shekarar da aka sayo motar, domin tana auna ta da haihuwar wane ko auren wance. Wata malamar makaranta, matar ɗaya daga cikinmu, ita ta karɓi wannan ɓangaren. Tana shiga ta gaisa, ta zauna, ta ɗauko hira. Wasu daga cikin labaran da suka fi kyau a mujallar daga hannunta suka fito.

Shafin da ya fi cin ƙarfina shi ne na gyara. Tsohon bakanike ba ya rubutu, kuma idan ka ce ya ba ka bayani a ofis zai ce ai ba wani abu ba ne. Dole ka je gareji ka samu benci ka zauna, ka bari ya gama da mai gaggawa, sannan ka nemi izini ka kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa, wanda ya yi rayuwarsa a kan Volkswagen Bitil tun ana harhaɗa ta a Legas. Tambaya ɗaya nake yi, Baba, me ke kashe wannan motar a ƙasarmu, shi ke nan sai in yi shiru. Daga bakinsa muka rubuta cewa Bitil ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injinta, kuma bel ɗin da ke juya fanka shi ne ranta: idan ya tsinke kana tafiya, tsayawa ake yi nan take, ba a cewa bari in ƙarasa gida. Ba ta da filtar mai irin ta motocin yanzu, 'yar rariya ce kawai, shi ya sa ake juye mata baƙin mai da wuri. Saitin bawul ɗinta kuma sai inji ya huce sarai ake yi, a bar tazarar milimita 0.15. Wannan adadin ban buga shi ba sai da na gan shi a littafin gyaran motar, na kuma tambayi bakanike na biyu. Doka ce da na sa wa kaina a wannan shafi kaɗai: duk adadin da mutum zai ɗauka ya je ya taɓa injinsa da shi, sai baki biyu da takarda sun yarda. Kuskuren shekara a shafin tarihi ana gyara shi a fitowa ta gaba, amma wanda ya ƙona inji saboda abin da muka rubuta ba mu da abin ba shi. Kuma ina rubuta maganar yadda ake yin ta a gareji, kafireto, filogi, salansa, shokazoba, domin mai motar da wannan harshen zai je ya yi magana da yaron gareji.

Muna kuma daidaita shafin da lokacin shekara. Fitowar da ke gaban hunturu tana magana a kan ƙura da matatar iska. Ta gaban bazara tana magana a kan lagireto da tsofaffin robobin ruwa da na fetur da zafi ke busarwa har su tsage. Ta damina kuwa tsatsa ce da birki, da tunatarwa cewa man birki yana shan danshi ko da motar tana ajiye ba a hawa.

Shafin kayan gyara bai kai rabin takarda ba, amma shi aka fi yagewa a sa a aljihu: wa ke neman fitilar gaba ta 404, wa ke da gilashin baya na 504, me aka samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, me za a iya ƙerawa a Panteka ta Kaduna, me ya fi sauƙin samu a tsallaken iyaka. Kowane farashi muna sa masa wata da shekara, tunda kuɗin kaya ba ya kwana wuri ɗaya. Masu sayar da kaya suna ba mu talla, muna godiya, amma talla tana cikin akwatinta an rubuta talla a kai. Wani ya taɓa neman in yabi kayansa a cikin shafin gyara, na ba shi haƙuri.

Musu kuwa ya zo, kuma daga inda ban zata ba. Mun buga cewa FIVA, ƙungiyar duniya mai kula da motocin tarihi, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30. Sai aka lura cewa 504 da ta fito daga Kaduna a 2003 ba ta cika sharaɗin ba, ko da yake a ido da wuya ka raba ta da ta zamanin Murtala, alhali 505 ta shekarun 1980, wadda dattawa ke yi wa kallon yarinya, ta cika. Wasiƙu suka riƙa zuwa, wasu a takarda, wasu saƙon murya ta WhatsApp da nake zama in rubuta. Ra'ayina shi ne mu bi shekara 30 wajen ba da lambar girmamawa, amma kada mu rufe ƙofa ga mai 504 ta ƙarshe, domin shi ne zai riƙe ta har ta tsufa. Na faɗi haka sau ɗaya, na bar wa masu wasiƙu filin. Jawabin shugaba shi ma ya koma rabin shafi don a samu wuri, kuma shi da kansa ya amince da ya ga abin da za a sa a gurbin.

Sauran darussan na ɗakin buga takarda ne. Shafuka sai sun zama huɗu-huɗu saboda yadda ake ninke takarda, kuma shafi 16 da ke fitowa duk wata uku ya fi shafi 40 da ba a san ranar fitarsa ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yana raguwa ya dushe a bugu, sai an turo shi a matsayin fayil. Mota ta fi kyau da hantsi ko bayan la'asar, kuma idan aka samu hasumiyar Gobarau ko ɗaya daga ƙofofin gari a bayanta, mai kallo ya san inda yake ba sai an faɗa masa ba. Haruffa masu lanƙwasa suna ɓacewa ko su zama 'yan akwatuna idan kwamfutar mai bugu ba ta da irin rubutun da ka yi aiki da shi, don haka PDF nake kai masa, kuma ina tsayawa in ga kwafin gwaji. Na ƙara girman haruffa saboda idon dattawa. Tsohon hoton da iyali suka ara mana a ranar nake kwafe shi in mayar, tunda sau da yawa shi kaɗai ya rage musu. Ba ma buga adireshin gidan kowa ko wurin da yake ajiye mota. Halin tsaron da ake ciki bai bar wannan ya zama abin tattaunawa ba.

Aikin da ke gabana yanzu na direbobin manyan motoci ne, waɗanda suka ja Bedford da gyaɗa zuwa Kano da auduga zuwa Funtua, da na Daura da suka yi hanyar Kongolam zuwa Damagaram. Motocinsu tuni 'yan gwangwan suka yanka, kuma ba su taɓa shiga ƙungiya irin tamu ba, don haka ba sa cikin jerin sunayenmu. Ta wurin shugabannin tasha ake samunsu. Na nemi kwamiti ya ware musu shafi biyu a kowace fitowa tare da kuɗin man zuwa Daura da Funtua, kuma na roƙi samarin ƙungiyar da kowa ya ɗauki dattijo ɗaya ya yi hira da shi kafin fitowar bayan Sallah.