Bijimi ɗaya ya rushe mini aikin wata takwas

Har yau idan na ga kalmar bijimi a cikin ƙamus ɗina sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Wata takwas ina gina Sudurmal, wani harshe da nake ƙirƙira da kaina, kuma wannan kalma guda ce ta tona mini asiri.

Na fara ne lokacin wani dogon yajin aikin jami'a, zaman gida ya ishe ni. Mutanen Norwe sun zauna a tsibiran Hebrides na yammacin Sikotilan tun ƙarni na 9, suna kiransu Suðreyjar, wato tsibiran kudu. Sannu a hankali harshen Gelik ya haɗiye nasu, balle bayan yarjejeniyar Perth ta 1266 da Norwe ta sallama wa Sikotilan tsibiran. Ni kuwa na ce, to da a ce harshen bai mutu ba fa? Da ya ci gaba da rayuwa, ƙashin bayansa na tsohon Nos, wato harshen mutanen Norwe na wancan zamani, amma bakinsa cike da Gelik? Shi ke nan na buɗe Excel.

Nahawu bai ba ni wahala ba. Har sauyin harafin farko irin na Keltik, dangin harsunan da Gelik ke ciki, na dasa masa, yadda mutanen Ailan ke cewa bean, mace, amma an bhean, matar, b ɗin ya koma v. Wannan ya zauna daram, ban kuma taɓa shi ba.

Inda na yanka wa kaina tikitin wahala shi ne dokar Grimm. Kowa a wannan harka ya san ta, sauyin sauti ne da ya faru a dangin harsunan Jamusanci, inda Ingilishi da Nos suke: p ta zama f, t ta zama þ (th ta Ingilishi), k ta zama h, shi ya sa Latin ke da pater, tres, cornu, Ingilishi kuma father, three, horn. Jacob Grimm ya tsara ta a 1822, bayan Rasmus Rask ya fara hango ta. Ni sai na ɗauke ta kamar tambarin da ake buga wa kowace kalma kafin ta shiga gidan Jamusanci. Duk kalmar Gelik da na aro, sai na bi ta da dokar. Kalmomi sun haura ɗari uku. Ina ta jin daɗi wai harshena ya yi ƙamshin asali.

Tarbh, bijimi a Gelik, ta fito mini þarv.

Akwai wani ɗan Aisilan da muke musayar saƙo kan irin wannan shirme namu. Na tura masa jimloli goma ina jiran yabo. Amsarsa layi biyu ce. Ya ce su ma sun ari wannan kalma daga Gelik, tarfur suke cewa, da t ɗinta lafiya lau, mutanen Faro kuma tarvur. Sannan ya ƙara da cewa þarf a wurinsu na nufin "ina bukata", don haka jimlata ta uku ya karanta ta kamar manomi ya ɗaure bukatarsa a turke.

Wallahi kwana na yi ban amsa masa ba. Dokar Grimm ta gama aikinta tun kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanena sun sauka Hebrides bayan shekara ta 800. Tsakani akwai kusan shekara dubu ko fiye. Kalmar da ta zo bayan an rufe ƙofa, ta yaya za ta bi ta ƙofar? Abin haushi, tsohon Nos yana da tasa kalmar ta gado, þjórr, 'yar uwar taurus ta Latin. Waccan ce ke da haƙƙin þ, domin tana gida lokacin da abin ya faru. Baƙuwar ba ta da shi.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne hujjar tana gabana tun farko. Akwai kalmomin Keltik da suka bi ta dokar da gaske, amma tsofaffin aro ne. Sunan Volcae, wata ƙabilar Keltik, ya zama walh- a bakin Jamusawan dauri, k ta koma h, daga nan Wales ta samo suna. Rīg-, sarki, ta zama reiks a Gotik, wani tsohon harshe na dangin Jamusanci, g ta koma k bisa dokar, kuma daga tushen nan Reich, wato daula a Jamusanci, ta fito. Ashe kalmar aro tana ɗauke da ranar zuwanta a goshi. Kuma ni Bahaushe ne fa! Kullum ina cewa littafi, liman, labari, inda al- ta Larabci ta narke ta bar l kawai, ina kuma cewa alƙali da alƙalami inda ta tsaya cak. Ba rana ɗaya suka shigo ba, ba kuma ta hanya ɗaya ba. Malaminmu na Hausa ya faɗi wannan a aji, ina can ina zane a bayan littafi.

Gyaran ne ya kusa sa ni jefar da komai. Da kalmomin kaɗai ne da sauƙi. Amma na riga na gina sunayen garuruwa a kansu, na rubuta waƙoƙi biyu masu amsa-amo a harafin farko kamar na mutanen Nos, duk sun dogara da þ da h na ƙarya. Da na mayar da t, waƙar ta zube kamar ginin ƙasa a damina. Ɗayar na ceto, ɗayar na binne.

Yanzu shafin farko a Excel ɗina ba na ma'ana ba ne, na shekara ne. Kafin kalma ta sami fassara sai na rubuta ƙarnin da ta iso, sauye-sauyen sauti kuma na jera su da lamba, kowace kalma ta shiga layi daga inda ta tarar da shi. Duk mai shirin irin wannan aiki, ya ja wannan layin zamani tun bai ƙirƙiri kalma ko ɗaya ba. Wuni guda zai ci maka. Ni wata uku ya ci mini, kuma ban gama ba.

Bijimin yanzu sunansa tarv. Saura kalmomi arba'in da ɗoriya a jan launi suna jiran gyara, kuma abokin nan nawa har yau idan zai gaishe ni sai ya tambayi lafiyar bukatar da ke turke.