Inda Na Kai da Atisayen Sauka a Gajeren Fili

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon tuƙin jirgi. Tun da sanyi ya fara ja da baya a nan jihar Idaho ta Amurka ni da malamina muka ajiye komai muka sa sauka a gajeren fili a gaba. Abin da nake hange shi ne Johnson Creek, kusa da ƙauyen Yellow Pine: titin ciyawa mai tsawon ƙafa 3,400, a cikin kwari tsakanin duwatsu da dogayen itatuwa, kusan ƙafa 5,000 sama da teku. Matuƙan nan ajin farko suke ɗaukar sa, domin filayen da ke can cikin dajin Frank Church da yawansu sun fi shi gajarta da wuya nesa ba kusa ba. Duk da haka Malam ya ce ba zai kai ni ba sai ya ga hannuna ya zauna a kan kwalta.

Jirgin da nake haya Cessna 172S ne. Littafinsa ya ce a shigo da filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don a iya tafiya a hankali) a sauke gaba ɗaya, digiri 30, a kan gudun not 61, wato kimanin kilomita 113 a awa. Idan aka yi haka a fili daidai da teku, zafi digiri 15, jirgi ɗauke da cikakken kaya, ƙafa 575 zai gangara a ƙasa, jimilla kuma ƙafa 1,335 idan sai an tsallake wani abu mai tsayin ƙafa 50. Waɗannan alƙaluma matuƙin gwaji ne ya fitar da su, da sabon jirgi da sababbin birki, saboda haka Malam yakan ƙara rabi a kan duk abin da littafi ya bayar kafin ya ce fili ya ishe mu.

Da farko hankalin kowane ɗalibi kan birki yake tafiya. To, bayan wannan atisaye ra'ayina shi ne birki ɗan rakiya ne kawai. Tun a sama ake yanke tsawon saukar, kuma gudu ne ke yanke shi. Idan gudun ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, nisan tsayawa da kashi 21 yake ƙaruwa, domin ninki yake yi a kan kansa. Not shida kacal ke nan a kan 61. Wannan ma bayan taya ta taɓa ƙasa ne. Kafin ta taɓa akwai wata asarar: da zarar fiffike ya kusanci ƙasa, jan da iska ke yi masa yana raguwa, sai jirgi ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a saman titi kana kallon wurin da ka zaɓa yana wucewa ta ƙarƙashinka. Mai tura hanci ƙasa don ya tilasta masa zama, tayar gaba ce za ta fara dira, jirgi ya yi tsalle, wani lokaci har farfela ta ci ƙasa.

Yadda muke yi yanzu shi ne, ina gama juyowa na fuskanci titi sai in sa tirim, abin da ke daidaita hancin jirgi, ya riƙe min 61, har in iya sassauta hannu a kan sitiyari allurar gudu ba ta motsa ba. Daga nan hanci ne ke riƙe gudu, totur kuma shi ke cewa a ina za a sauka. In na ga zan gaza, in ƙara wuta kaɗan. In na ga zan zarce, in rage. Akwai wuri ɗaya a titi da ba ya hawa ba ya sauka a gilashin gaba, nan jirgi ya nufa. Sai dai ba nan taya za ta taɓa ba, domin ɗaga hanci a ƙarshe yana cin nasa filin, don haka wurin da ido ke kallo yana zuwa kaɗan kafin wurin da ake so a dira.

Awon ma da sauƙi. Farin layin tsakiyar titi kowane zane ƙafa 120 ne, tazara kuma ƙafa 80, jimilla 200. Wannan ƙafa 200 ita ce iyakar da FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta ba mai neman lasisin tuƙa jirgin kansa: ya dira a wurin da aka nuna ko cikin ƙafa 200 bayansa, kada ya gaza ko da taku ɗaya. Mai neman lasisin kasuwanci ƙafa 100 aka ba shi. Da safe, iska a kwance, yanzu ina samun cikin ɗarin nan akai-akai. Da rana kuwa, idan ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara wasa da jirgi, har yanzu da saura. Ƙa'idar da aka koya min ita ce a ƙara rabin bambancin bugun iskar a kan gudu: idan tana kaɗawa a not 10 tana bugawa zuwa 18, a ƙara huɗu. Amma wannan huɗun ma sai an biya kuɗinsa da fili.

Bayan dira abin ba shi da yawa. Totur a rufe, a sauke tayar gaba a hankali, a janye filaf domin nauyi ya koma kan tayoyi, a ja sitiyari baya, a taka birki sosai ba tare da taya ta ja ƙasa ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu a ƙasa, da biro da takarda, shi ne zafi da tudu. Iska tana yin shara-shara idan aka yi sama ko rana ta yi zafi, kuma jirgi ba ruwansa da tsayin da ke rubuce a taswira, abin da fiffike da inji suka ji shi ne gaskiyarsa. A ƙafa 5,000 zafin da ake lissafi da shi digiri 5 ne, kuma kowane digiri ɗaya da ya ɗaru kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Ranar da zafi ya kai 30 a Johnson Creek, jirgi ji zai yi yana ƙafa 8,000. Allura za ta nuna 61 ɗinta, amma ainihin gudun ya kai wajen 70, itatuwa na wucewa da sauri, zuciya na ce maka rage. Kada a rage. Allura ake bi. Inji kuma ya yi asarar kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, ga busasshiyar ciyawa da littafi ya ce a ƙara mata kashi 45 na gangarawar ƙasa. Masu koyo a Zariya ko Kano kada su ce wannan matsalar mutanen duwatsu ce. Filin Kano bai wuce ƙafa 1,600 ba, amma da azahar a watan Afrilu, zafi digiri 40, lissafin nan kusan ƙafa 5,000 yake bayarwa.

Iskar baya ma ba ta da kirki ko kaɗan. Not tara na iskar gaba kashi 10 kawai take rage maka, amma not biyu na iskar baya sun isa su ƙara maka kashi 10. A kwari kuwa ba kullum ake da zaɓi ba. A Johnson Creek ana sauka ne ta titi na 17, a tashi ta 35, wato ɓangarori biyu na titi ɗaya, saboda yadda ƙasar take, kuma akwai filayen da idan ka wuce wani wuri babu sauran fasawa, dutse ne a gabanka. Shi ya sa a kowace sauka Malam yake sa ni in faɗi da baki, tun muna nesa, wurin da zan fasa idan gudu ko tsayi bai zauna ba. Wani lokaci komai na tafiya daidai sai kawai ya ce akwai barewa a titi, in tura totur, in ɗage filaf zuwa 20, mu sake zagayowa.

Na san da yawanmu bidiyon gasar Valdez ta Alaska ne ya ja mu, inda ake tsayar da jirgi cikin ƙafa goma da 'yan kai. Abin sha'awa ne, amma jirage ne da aka sauke musu duk wani nauyi, a bakin teku, da iska mai sanyi tana bugun hancinsu. Ni dai na fi son sauka goma a jere duk cikin zane ɗaya a kan guda ɗaya mai ban mamaki.

Mataki na gaba, in Allah ya yarda, shi ne tashi daga gajeren fili, domin 172 tana iya shiga inda ba za ta iya fita ba. Za mu yi aiki da ƙa'idar nan ta cewa idan aka kai rabin titi gudu bai kai kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, a rufe totur a tsaya. Bayan nan sai titin ciyawa a fili mai shimfiɗe, da sassafe, da rabin tankin mai, kafin a fara maganar kwari.