Zanen fensir a kan madaci

Yau na wuni a gaban injin daidaita katako, ina shirya allunan madaci guda 4 da za a haɗa saman tebur. Duk a karkace suka zo daga kasuwa, ɗaya ma ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Kafin in kunna inji Baba ya miƙo min fensir ya ce, "Yaro, zana tukuna." Na bi fuskar kowane allo da zane daga gefe zuwa gefe, na kifa ɓangaren da ya lotsa a kan teburin injin, na tura. Milimita 1 kawai wuƙar ke ci. A turawar farko gefuna suka yi fes, tsakiya kuwa zanen na nan daram. Sai a ta huɗu ya ɓace gaba ɗaya. Wallahi da na shafa tafin hannuna a kai, wani daɗi na ji har cikin raina.

Madaci akwai taurin kai, jijiyarsa a harɗe take. In ka tura ta inda bai so, sai ya ɓantale, shi ya sa na zana kibiya a kowanne, mai nuna ta inda zan tura.

Daga nan na jingina fuskar da ta daidaita da katangar injin, na gyara gefe, na yi wa duka biyun alama. Na jera su huɗun, na zana babban alwatika da ya ratsa su, don kada su rikice gobe wajen sa gam. Baba ya ɗaga biyu a haɗe ya duba ta hasken ƙofa, ko zare bai ratsa ba.