Wa zai ba su ruwa a watan Maris?

Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri, hadari ya daina yi mini daɗin gani. Ni a arewacin Katsina nake, ko ɗigo bai shigo ɗakinmu ba, amma gabas na yin baƙi sai gabana ya faɗi. Da ambaliyar Mokwa ta biyo baya a Mayun 2025, barci ya ƙaurace mini. In kwanta da waya a hannu, wannan bidiyo ya ƙare in buɗe wancan, har a kira assalatu. Inna ta ce, "Kai dai ka yi tawakkali." Gaskiya ta faɗa, sai dai zuciya ba ta kwanta ba.

Aka ce maganin irin wannan fargaba shi ne mutum ya tashi ya yi wani abu, sai na shiga wata ƙungiyar dashen itatuwa. Nan na ƙone hannu. Ana gab da ɗaukewar damina aka kawo dashen darbejiya a leda, wani babba ya zo da rakiyar motoci, ya tsuguna da babbar riga, aka ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Ni na riƙa biyan 'yan garuwa daga aljihuna har na gaza. Kafin hunturu ya fita, awaki sun cinye na cinyewa, rana ta ƙarasa sauran. Duk lokacin da na bi ta wurin na ga ramuka da tsummokaran leda, sai damuwar ta ninka, don yanzu har da jin cewa ƙoƙarin ma banza ne.

Sauƙi ya zo ta inda ban zata ba. Lokacin sharar gona, kawuna da ke zaune a yankin Maraɗi ya tarar ina sare tohon kututture. "Ɗana, itacen da kake nema a leda ne kake kashewa." Ya karɓi addar, ya bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Saiwar tana raye can ƙasa tun zamanin kakanni, ba ta jiran ɗan garuwa. Da wannan dabara manoman Nijar suka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 daga shekarun 1980 zuwa yau. Kalgo, sabara, aduwa, da gawo mai zubar da ganye da damina, wanda ba ya tare wa gero rana. Wasu gawon da muka bari sun kusa kai mini ƙugu, kuma ko sisi ban kashe ba.

Fargabar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta ragu. Bayan sallar isha'i ba na buɗe bidiyon ambaliya. Hasashen damina na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, nake dubawa, in gyara magudanar ƙofar gida, shi ke nan. Duk mai irin ciwona, ya nemi aikin da idonsa zai ga yana girma, kar ya zuba kuɗinsa a bikin hoto.

Bana ma 'yan ƙungiyar sun aiko mini da gayyatar wani dashen. Na tambaye su wa zai ba su ruwa a watan Maris. Har yanzu ba su amsa ba.