Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar Memwar da Kuɗin da Ba a Rubuta a Takarda Ba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa su shiga shekara ta biyu ta mastar. Yau zan jingine labarin kaina, domin abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san yadda shekarar memwar, wato rubuta kundin binciken kammala mastar, take, abin da take ci, da inda take kayar da mutum. Ƙannenmu na Garwa, Marwa da Ngaundere, da masu tsallakowa daga Cadi ta Kusiri, da yawansu suna shiga wannan shekara da zaton jaka hamsin ɗin rajista ita ce kuɗin karatun. Wannan zato ya ci mutane da yawa.

Kafin 1993 jami'a ɗaya ce a Kamaru, ta Yawunde. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin karatu, gwamnati ce ma take ba shi burs, wato kuɗin tallafin karatu. A watan Janairun 1993 aka yi garambawul, jami'o'i suka zama shida, ciki har da ta Ngaundere da ke Dang, kimanin kilomita 15 daga gari. Aka soke burs, aka sa wa kowane ɗalibi sefa 50,000 a shekara. A shekarar nan aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ke ci, daga sinadari har kwalba, daga waje ake sayo shi, don haka kuɗinsa ya ninka a dare ɗaya. Daga baya an buɗe jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, amma jaka hamsin ɗin tana nan yadda take. Tana saya maka kujera a aji da katin ɗalibi. Kuɗin bincike kuwa, babu takardar da ta ce ga wanda zai biya, kuma abin da ba a ce na kowa ba ne, kan ɗalibi da iyayensa yake faɗowa.

Bari in ɗauki misalin da na fi sani, binciken ƙasar noma a kan masakwa, dawar rani da Fulanin Diyamare, yankin Marwa, ke kira muskuwari, wadda ake dasawa a baƙar laka mai tsagewa da suke kira karal.

Abu na farko da ke kayar da ɗalibi ba kuɗi ba ne, kalanda ce. Masakwa ba ta jiran jami'a. Ana yafa irinta daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, dashen ya yi kwana 30 zuwa 40, a dasa shi da ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, a girbe a Janairu ko Fabrairu. Shekarar karatu kuma wajen Oktoban take farawa. Kafin a tace takardu, a fitar da sunaye, a raba ɗalibai ga malamai masu duba aiki, wato ankadira, sau da yawa dawar ta riga ta fitar da kai. Wanda ya jira sai an ba shi ankadira a hukumance sannan ya fara tunanin gona, ya yi asarar shekara guda: wata jaka hamsin, wani kuɗin ɗaki na wata goma sha biyu, ga abinci. Maganin shi ne a je wa malamin tun a zango na biyu na shekarar farko, a daidaita kan take, tsarin gwaji ya kammala kafin damina ta kankama. In gwajin ya ƙunshi ƙananan ganuwoyin tare ruwa, dole a ɗaga su kafin ruwa ya sauka sosai, domin ruwan da suka tare shi ne abin da za a auna.

Sai gona. Mai karal ba ya ba da aron fili a kan takardar jami'a, sai a kan mutunci, kuma a yawancin ƙauyukan da Fillanci za a yi maganar. Wanda bai iya ba ya nemi ɗan gari ya raka shi, a fara gaida jauro ko lawan. Akwai tambaya ɗaya da ba ta taɓa ɓacewa. Ɗalibi zai durƙusa ya roƙi kar ɗaya, wato kwatan hekta, ya ce, "Baba, aron kar ɗaya nake nema na shekarar nan, don aikin makaranta." Dattijon zai yi shiru, ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "To ɗana, in dawar ta nuna, ta wa ce?" A amsa wannan a gaban shaidu: hatsi da kara duk nasa ne, amma ba zai yanke ko zangarniya ɗaya ba sai an auna. In ba a yi haka ba, ranar da jan-baki suka sauko zai girbe gonarsa don ya tsira da abincin iyalinsa, ya haɗa zangarniyar kowane fegi a tsibi ɗaya. Ba laifinsa ba ne, amma aikin wata shida ya tafi.

Tsarin da aka saba shi ne hanyoyi huɗu na gyaran ƙasa, kowace a maimaita ta sau huɗu a jere huɗu, a jefa ƙuri'a wajen raba su. Fegi 16 ke nan. In kowane fegi yana da layi shida, kowane layi rami shida, tazarar mita ɗaya, fegin ya zama murabba'in mita 36, duka kuma ba su cika kar ɗaya ba, wato kwatan hekta, ko da an bar hanyoyi a tsakani. Da turke mai tsini ake huda ramin, a zuba ruwa kaɗan, a sa dashe biyu. Wajen girbi a bar layukan gefe, a auna ramuka 16 na tsakiya kawai, domin na gefe suna shan danshin maƙwabta.

Nan ne lissafin aljihu yake shigowa, kuma nan nake so a tsaya a natsu. Ɗalibi mai zumuɗi zai rubuta cewa zai ɗebi ƙasa a kowane fegi, a zurfi biyu, kafin dashe da bayan girbi. Samfur 64 ke nan. Kowane a yi masa awo biyar: tsami, kabon, naitirojin, fosforas, da rabon yashi da laka. Awo 320, kuma kowane awo kuɗinsa daban. Sai ya je labo aka buga masa jimla sannan idonsa zai raina fata. Alhali ana iya rage nauyin ba tare da an ɓata ilimin ba. Kafin dashe ƙasar ba ta riga ta bambanta ba, don haka samfur ɗaya na haɗe daga kowane jere ya isa: a ɗiba wuri biyar, a cakuɗa a bokiti mai tsabta, a ɗauki rabin kilo. Jere huɗu a zurfi biyu, samfur 8, awo 40. Rabon yashi da laka ba ya canzawa a kaka ɗaya, sau ɗaya ake auna shi. Bayan girbi a tsaya a santimita 20 na sama, fegi 16, awo huɗu-huɗu, 64. Jimla 104 maimakon 320. Abin da ba a taɓawa shi ne yawan maimaici. Wanda ya mayar da jere huɗu zuwa biyu don ya rage wahala, lissafin ba zai iya nuna masa bambanci ba ko da bambancin yana nan, kuma juri, malaman da za su tantance memwar, a nan za su fara kama shi.

Wanda ya leƙa ɗakunan haya na ɗalibai a irin wannan lokaci zai ga katifa a jingine da bango, ƙasa a baje a kan tsofaffin jaridu tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin tebur, kowane tsibi da 'yar takarda a soke, mai ɗakin yana taka-tsantsan da buta a hannu kada ɗigon alwala ya faɗa wa samfur na bakwai. Daidai ne a shanya a inuwa, ba a rana ba, kuma ba a murhun labo ba, domin zafi mai yawa yana canza abin da za a auna. In ta bushe a daka a hankali, a tankaɗe da rariya mai idon milimita 2. Kada a zuba samfur a tsohon buhun taki, ko an wanke shi, don zai ƙara naitirojin da fosforas na ƙarya. Lambar samfur a rubuta ta sau biyu, da alƙalamin maka a bayan leda, da fensir a takarda a jefa ciki, saboda rana da gogayya a bayan babur suna share maka. Awon danshi shi kaɗai ne ke shiga murhu, a digiri 105 na awa 24, kuma a gwangwani mai murfi ake ɗauko shi, a auna nauyinsa a ranar. Masakwa da danshin da laka ta riƙe take rayuwa, don haka wannan awo mai araha ya fi wasu masu tsada amfani.

A labo, a tambayi hanyar awo kafin a biya. Ƙasar karal yawanci ba mai tsami ba ce, don haka hanyar Olsen ce ta dace da fosforas ɗinta. In aka bi ta Bray don ita ce sinadarinta ke akwai a labo, lambar da za ta fito ƙasa take da gaskiya. Awon tsami ana yin sa da kashi ɗaya na ƙasa, biyu da rabi na tataccen ruwa, kuma sai an saita na'urar da ruwan gwaji wanda bai lalace ba. Naitirojin ta hanyar Kjeldahl yana buƙatar dafa samfur a cikin asid na awoyi. To ga matsalar: wutar arewa ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan Binuwai, kuma daidai lokacin da ɗalibi ya gama girbi ya shigo labo, wato bazara, shi ne lokacin da ruwan madatsar ke ja baya. Wuta ta ɗauke a tsakiyar dahuwa, sinadari ya tafi, yini ya tafi. Shi ya sa ake ajiye ragowar kowane samfur har sai an kare memwar, kuma ake kwafe alƙaluma wuri uku: littafin gona, kwamfuta, da imel. Ɗalibai huɗu ko biyar masu awo iri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi sinadari tare, su yi aikin da hannunsu a ƙarƙashin ma'aikacin labo, ya fi kowa ya biya shi kaɗai.

Ana yawan kuka da ankadira, wai babi yana wata biyu a teburinsa. Kukan yana da tushe, amma a san abin da ke bayansa. Malami ɗaya yana riƙe da ɗalibai fiye da ƙima, yana koyarwa a aji mai ɗaruruwa, ga kuɗin ƙarin awoyi da na zaman juri da suka taru ba a biya ba, abin da ake kira bashin ilimi, wanda ƙungiyar malaman jami'a ta SYNES ta sha shiga yajin aiki a kansa. Tun 2009 akwai alawus na bincike da ake ba malamai, tun 2010 kuma akwai kyautar ƙwazo ta sefa 50,000 ga wasu ɗalibai, amma ba ɗayansu da aka yanka don ya sayi sinadarin memwar. Abin da ke hannun ɗalibi shi ne ya sauƙaƙa wa malamin: ya kai babi ɗaya-ɗaya a buge a takarda, da wanda aka gyara a baya a haɗe, ya ce, "Malam, ga gyaran da ka yi, ga inda na bi, yaushe zan dawo?" Ya tashi da rana a hannu. Manhajar R ta lissafi da Zotero ta tsara madogara kyauta suke, babu dalilin biyan wani ya yi maka lissafin da za a tambaye ka a gaban juri.

Masu hangen dakta su san cewa hanyar ta ƙara ƙunci. A ƙarshen 2018 an sanar da ɗaukar masu digirin dakta 2,000 aikin koyarwa cikin shekara uku, mutane suka yi tururuwa zuwa rajista. A 2023 kuma ma'aikatar ilimi mai zurfi ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban dakta a jami'o'in gwamnati, kuma batun kuɗin gudanar da karatun yana cikin dalilan. Tallafin ƙungiyoyin waje irin na AUF, DAAD, TWAS, da OWSD ta mata zalla, yawancinsa sai an nema kusan shekara guda kafin a fara, kuma suna duban makin mastar da ko an buga maƙala. A yi hattara da mujallun da ke turo saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in an biya. Masu tace takardu sun san su.

In rubutu ya kammala, saura izinin ankadira a rubuce, binciken satar rubutu, rasit ɗin rajista na kowace shekara, da kwafin da za a buga a ɗaure wa kowane ɗan juri, galibi mutum uku: shugaba, mai rahoto da mai jarrabawa. Bayan sutnans, wato kare memwar a gaban juri, akwai gyara, a sake bugawa, a kai wa sashe da laburare, kuma sai an kai wannan kwafin na ƙarshe ake sakin takardar shaida. A ware kuɗin bugu biyun nan tun farkon shekara a ba wani amintacce ya riƙe, domin a watan da ake bukatarsa aljihu ya riga ya bushe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin daga ranar da aka sa mini ranar sutnans.