Mai ganga da yarinya mai saksofon

Yau a bikin kiɗan jazz na bazara, wata yarinya da ba ta wuce shekara 17 ba ta hau dandalin gasa da saksofon ɗinta, wato wani abin busa na ƙarfe mai kama da algaita. Hannunta na rawa, kowa ya gani. Ta fara busa a ɗarare, sai mai gangar, wani dattijo mai furfura, ya sassauta bugu, ya jefa mata ɗan gajeren kiɗa yana kallonta. Ta amsa. Ya ƙara, ta ƙara, har suka shiga ba-ni-in-ba-ka, babu takarda a gabansu, abin da ya zo a ran mutum shi zai fitar nan take. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan kira da amsa gado ne da baƙar fatar New Orleans a Amurka suka bar wa jazz tun farkon ƙarni na 20, yau kuwa na gan shi ido da ido.

Wani mai piyano ne ya lashe gasar, kuma ya cancanta. Amma ni dattijon nan ne ya tsaya mini a rai. Ya fi ta ƙwarewa nesa ba kusa ba, duk da haka ya ja baya don a ji ta. Ina fatan in iya yi wa na ƙasa da ni haka.